Kafson da Na Hana Mutanen Gidanmu

Har yau akwai tsofaffi a Fagge, 'yan kaɗan da suka rage, waɗanda in aka ambace ni sai su ce, "Au, marowaciyar nan?" To, ni ce. Ban yi boko ba, ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma bakina da ransa, kuma kafin in bi sauran zan faɗi yadda aka yi aka laƙaba mini sunan nan. A rubuta yadda na faɗa, kada a sassauta mini ko kalma.

Lokacin Turawa ba su sauka daga mulki ba tukuna, ana dai ta maganar mulkin kai a bakin kantuna. Muna zaune a wani gidan haya, ɗakuna jere da juna, rijiya ɗaya, tsakar gida ɗaya. Mai gidan wani dattijo ne Babarbare, fataucin kanwa yake yi daga Barno, kowa Baba yake ce masa. Ɗakin da ke jikin nawa na Iya ne, Bayarabiya, Musulma, mai sayar da sabulu da ashana. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni daɗi. Mijina kuwa tela ne. Kekensa yana barandar wani kanti a Kantin Kwari, lokacin kwarorin ne da kansu, Larabawan nan masu sayar da yadi, a zaune cikin kantunan. Mutum ya yanki yadi a ciki, ya fito ya miƙa masa ya auna shi.

A gidan nan ba a cin abu a ɓoye. Garwashi, gishiri, daddawa, allura da zare, duk na kowa ne. Magani ma haka. In an yi jiƙo, bakin rijiya ake ajiye tukunyar da ludayi a kai, mai ciwo ya sha, mai lafiya ma ya kurɓa saboda tsaro. A haka muka taso, kuma ni ban taɓa ganin laifin haka ba. A je a tambaya, wa ya yi wa Iya tuwo har ta gama wankan jego? Wa ke tsefe kan 'ya'yan Baba ranar jajibiri? Tukunyata ba ta taɓa sauka ban zuba wa wani ba. Shi ya sa sunan nan yake ci mini rai har yanzu da furfurata.

Mijina kuwa, Allah ya jiƙansa, nasa buɗaɗɗen hannun har ya wuce misali. Aljihunsa ba ya rabuwa da goro, kuma ba don bakinsa ba. In ka yaba hularsa sai ya cire ya ɗora maka. Mutane suna son sa saboda haka, shi kuma yana son a so shi fiye da yadda yake son abinci.

Wata damina ruwa ya tare shi a hanya, ya cire rigarsa ya lulluɓe kan keken ɗinki da ita, shi ya sha dukan ruwan. Aka fara da mura, aka koma tari, sai zazzaɓi mai kaɗa haƙora. Daga nan ya ce in ya ja numfashi kamar ana soka masa basilla a haƙarƙari. Wanzami ya zo ya yi ƙaho. Baba ya aiko da kanwa ungurnu a jiƙa. Aka yi hayaƙi, aka yi shafi, babu abin da ya ragu sai naman jikinsa. Ranar da na ga majinar da yake tofarwa ta koma launin tsatsa, na ɗauki mayafina na buga wa Iya ƙofa.

"Iya, tashi ki raka ni. Asibitin nan na Sabon Gari da kike kai yaranki."

"Kin gaya wa 'yan'uwansa?"

"In na tsaya gaya musu, gawa za su zo gani."

Abokan ɗinkinsa suka ɗora shi a kan keke, ɗaya yana turawa, ɗaya yana riƙe da shi, mu muna biye a ƙasa cikin taɓo. Likitan ya sa abin sauraronsa a ƙirji da baya, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ce ciwon huhu ne. Ya so ya yi masa allurar fanisilin, sai na ce a'a, an taɓa yi masa ita lokacin da ƙusa ta soke shi, jikinsa ya kumbura ya yi ruɗu-ruɗu har idonsa ya rufe. Likita ya dube ni, ya ajiye allurar, ya ce na kyauta da na faɗa. Ya ce akwai wani sabon magani, na haɗiya, bai daɗe da shigowa ba, kuma ba shi da yawa. Sunansa ban riƙe ba a ranar. Sai bayan shekaru, da abin ya cika gari, na ji ana ce masa tetarasaikilin. Mu dai kafso muka sani, ɗan mulmulalle, ruwan ɗorawa, kamar ƙwan kaɗangare.

Malamin da ke ba da magani wani ɗan kudu ne, siriri, mai farar riga, Hausarsa irin ta Sabon Gari. Ya leƙo ta taga da 'yar kwalba a hannu.

"Wace ce matarsa?"

"Ga ni."

"To ke zan gaya wa, shi yanzu ba ji yake ba. Ki buɗe kunne, Mama."

Ya daidaita mini lokutan shan da lokutan salla don kada in ruɗe. Ya ce da ruwa zalla za a haɗiya, moɗa cike, yana zaune, kuma kada ya koma ya kwanta nan take, don in ya maƙale a maƙogwaro ƙona wurin yake yi. Ya ce kada ya zauna cikin rana mai zafi. In ƙuraje sun feso, ko gudawa ta tsananta, a dawo da shi. Sai ya ɗaga yatsa ya ce ban da nono, ban da madara, ban da kanwa.

Na ce, "Malam, mutumin da ba ya iya cin komai sai fura, ka ce ban da nono?"

"Ban ce kada ya sha ba. Cewa na yi kada su haɗu a ciki. Nono kama maganin nan yake yi ya riƙe, ya fice da shi bai yi aikin komai ba. Kanwa ma haka. In ya haɗiya da asuba, fura ta jira sai hantsi ya ɗaga."

Sannan ya faɗi na ƙarshe, ya maimaita, ya sa na maimaita. Ya ce nan da 'yan kwanaki zai ji sauƙi, zai ce ya warke, amma bai warke ba. Sai ya shanye duka, har kwalbar ta zama fanko. Kuma nasa ne shi kaɗai, ko uwarsa ce ta zo kada a ba ta. Iya tana tsaye a gefena, da kunnenta ta ji.

Washegari sai ga Yaya, yayar mijina, daga cikin birni, da ƙwaryar fura da kindirmo a ka. Mace ce mai faɗa a ji, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ni kuma kallon yarinya take yi mini. Ta tarar ina ba shi kafso da ruwa.

"Ke! Maganin Bature a cikin da babu komai? Hanjinsa kike so ki huda? Kawo ludayi."

"Yaya, an ce kada a haɗa da nono."

"Wa ya ce?"

"Malamin asibiti."

"Shi ya haife shi? Nonon da Annabi ya yaba shi ne wani ɗan Sabon Gari zai haramta mana?"

Ban yi mata musu ba, ai ba a musu da Yaya. Na karɓi ƙwaryar hannu bibbiyu na ce bari in dama. Na zauna bakin murhu na yi ta damu. Ta leƙo, na ce da gudaji. Ta sake leƙowa, na ce tsaki bai mutu ba. Na dama furar nan har ta gaji da ni, sai da inuwar katanga ta janye sannan na kai masa. Kunun kanwar da Baba yake aikowa kuwa, in karɓa da godiya, in shiga ɗaki in shanye abina. Na yi ƙiba a jinyar nan, wallahi.

Maganin kuwa ya yi aiki kamar almara. Zazzaɓi ya sauka, sukan haƙarƙari ya lafa, ya fara zama, ya nemi tuwo da miyar kuka. Labari ya zaga Fagge cewa tela ya tashi daga bakin kabari da wani ɗan ƙwai na Turawa. Sai 'yan dubiya suka yi ta ɓarkowa, rabinsu shi suka zo gani, rabi kwalbar. Ga ta nan a gefen matashinsa, inda na ajiye don kada lokaci ya wuce ina wajen girki.

Wani abokin ɗinkinsa ne ya fara. Ina bayan labule ina jin su. Ya yi ɗan tari, irin tarin da ake yi da gangan, ya ce, "Ni ma fa ƙirjin nan kwana biyu sai a hankali."

"Haba! Ka yi shiru? Ungo, gwada ka ga ikon Allah."

Na ji ƙarar murfin kwalba. Na yi gyaran murya, na kira mijina a hankali, "Malam." Ya yi kamar bai ji ba. Da baƙon ya fita na shiga na ce, "Malam, an ce fa naka ne kai kaɗai, kuma sai ka shanye."

"Ke dai kin cika tsoro. Ba ki ga na warke ba? Mutum ya tako ya zo duba ni, ya faɗi damuwarsa, ga magani a gabana, in ɗauke kai? Da wane ido zan dube shi a kasuwa?"

Kamar goro ya riƙa raba shi. Baba ya karɓa saboda gwiwarsa da ke masa ciwo in hadari ya haɗu. Wani ya karɓa saboda haƙori. Wata ta karɓa ta fasa ta barbaɗa garin a kan gyambon ɗanta. Yaya ta ƙulle nata a bakin ɗankwali, ta ce lafiyarta ƙalau, ajiyewa za ta yi a adudu saboda wata rana. Na yi magana, na sake yi, na yi kuka, ya ce in bar masa ɗaki in zan zubar masa da mutunci. Kafin ka ce me, kwalba ta zama fanko, kuma abin da ya shiga cikinsa bai kai abin da ya fita ta ƙofa ba. Ya sa riga ya koma kan kekensa, ana ta yi masa barka.

Bai jima ba aka dawo mini da shi a riƙe. Wannan karon ciwon ya zo da fushi. Numfashi sama-sama, leɓe ya bushe ya yi duhu, yana magana da mutanen da ba sa ɗakin. Masu karɓar kafso kuwa duk suka taru a tsakar gida suna "Allah ya sawwaƙe," Baba yana cewa dama shi bai yarda da maganin Turawa ba, kwantar da ciwo yake yi ba ya kashe shi. Ka ji fa! Da gwiwarsa da ta cinye rabon mutum!

Muka sake ɗaukar hanyar Sabon Gari. Likita ya duba shi ya girgiza kai, ya kira malamin magani, suka yi Turancinsu. Malamin ya fito inda marasa lafiya suke jere a kan benci, maza da mata, Yarabawa, Inyamurai, Hausawa, ya tsaya a kaina.

"Mama, ina kwalbar?"

Na miƙa masa.

"Ya shanye duka?"

Kafin in buɗe baki ya ɗora.

"Na san bai shanye ba. Ku matan nan, a gaya muku magana ta shiga nan ta fita nan. Rabawa kika yi, ko? Kin ba ƙawayenki? Kin ga abin da kika jawo wa mijinki? Ciwon da aka bari da sauran rai, in ya tashi ya fi na farko taurin kai. Maganin da wasu suke nema ido rufe, ke kin mai da shi alawa!"

Ni! Ni da na dama fura har hannuna ya sage! Duk bencin nan ido ya dawo kaina, wata tsohuwa har da tsaki. Na nuna mijina da ke kwance a kan tabarma na ce, "Ga shi nan, tambaye shi wanda ya raba." Idonsa biyu a lokacin, na rantse da wanda raina ke hannunsa, ya ji komai. Sai ya lumshe ido ya juya fuska bango. Abokan nasa da suka kawo shi, har da mai tarin gangan, kowa ya sunkuyar da kai yana duba yatsun ƙafarsa. Babu namijin da ya buɗe baki ya ce ba ita ba ce. Iya ce kaɗai ta yi wa malamin magana ƙasa-ƙasa da yarensu, don shi ma Bayarabe ne, ya ɗan sassauta, amma bai ba ni haƙuri ba, kuma mutanen bencin ba su ji abin da ta ce ba. Na tafi da kunyar nan a kaina har gida.

Likita ya yarda aka sake ba mu, da kyar, ya ce in aka kuma, sai dai mu nemi wani wurin. Malamin ya miƙo kwalbar, na karɓa. Na juya baya, na kwance lalitata, na zura kwalbar a ciki, na ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zane, na yi ƙulli a kan ƙulli. Na ce a raina, duk wanda yake son kafso a Fagge, to ga inda yake, ya zo ya ɗauka in yana da fuskar.

Da ita nake girki, da ita nake ɗiban ruwa, da ita nake kwana. Lokaci ya yi, in tayar da shi zaune, in sa masa a baki da hannuna, in ba shi ruwa, in ce ya buɗe baki in gani. Yaya ta zo ta ga haka ta ce, "Yau na ga ikon Allah. Ɗan'uwana ne ake wa binciken baki kamar akuyar sayarwa?" Na ce, "Yaya, sannu da zuwa, ga tabarma." Furarta ma na daina wasan damu. Na gaya mata kai tsaye sai hantsi, ta tashi ta yi zuciya, ta dawo washegari da wata ƙwaryar.

Da sauƙi ya fara samuwa, sai masu roƙo suka dawo, ko kunya babu. Na hana na farko, na hana na biyu. Nan gidan ya juya mini baya. In je ɗiban garwashi, a ce yanzu aka kashe wutar, ga hayaƙi yana tashi. In fito da hatsina, turmi ba ya samuwa. In wuce, a ce, "A ba likita hanya." Mata suna daka suna habaici a kan mai ƙugu da nauyi. Wata ta ce ai sayarwa nake yi a ɓoye a Sabon Gari. Wata ta ce so nake in mallake shi, shi ya sa komai sai ta hannuna. Mutanen da suka ci tuwona shekara da shekaru!

Wanda ya fi yi mini ciwo na Iya ne. Ƙaramar 'yarta, wadda ba ta daɗe da yaye ba, ta kama gudawa. Ta shigo ɗakina da hantsi, ta sakaya ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

"Ƙawata, guda ɗaya. In fasa in sa mata a koko. Ba wanda zai ji."

"Iya, ke ma? Ke da kika ji da kunnenki?"

"Na ji. Amma 'yata ce. Dubi idonta yadda ya faɗa."

"Na gani. Ba nata ba ne, Iya. Shi ɗin ma da aka ba, sai da aka duba shi aka auna. Mu biyu nan wa ya san abin da zai yi wa ƙaramar yarinya?"

"Ni na raka ki. Ni na tsaya miki."

"Ban manta ba. Kawo ta in goya, mu tafi yanzu."

Ni na goya yarinyar har Sabon Gari, kwalba tana dukan ƙuguna, Iya tana gaba ba ta waiwayo ba. Likita ya ce wannan kafson ba na ciwonta ba ne, ya ba ta wani abin dabam na ruwa, ya ce a yi ta ba ta abin sha. Yarinya ta tashi. Amma Iya ta daɗe ba ta shiga ɗakina ba, gaisuwa sai daga nesa. Bayan shekaru, da kafson ya zama abin talla a faranti a kasuwa, kowa yana saye yana ɗura wa jarirai, sai aka fara ganin yara suna fito da haƙora launin ƙasa, ko an goge da gawayi ba sa fita. Daga baya likitoci suka ce shi ne, suka hana ba yara ƙanana da masu ciki, suka ce kafson da ya tsufa a ajiye ma guba ne. Ni ban san wannan ba a lokacin, ba zan yi ƙarya in ce na sani ba. Abin da na sani kawai, an ce na mutum ɗaya ne. 'Yar Iya dai da fararen haƙoranta aka kai ta ɗakin miji.

Ranar wata Juma'a abin ya fashe. Mijina ya samu ƙarfi har yana fitowa ƙofar ɗaki. An sauko daga masallaci, maza sun cika tabarma, Yaya tana ciki tare da ni. Sai Baba ya zo da kansa, da babbar riga da carbi, ya zauna, aka gaisa. Ya ce gwiwar nan ta sake tashi, kuma wancan da ya sha ya ji daɗinsa. Mutumin da ya ce bai yarda da maganin Turawa ba! Dattijo ne, mai gidan da muke ciki, ga jama'a. Ya san abin da yake yi da ya zaɓi wannan lokacin.

Mijina ya ɗaga murya. "Ke, kawo wa Baba guda."

Na ce daga bayan labule, "Malam, a yi haƙuri, babu na bayarwa."

Har masu daka a tsakar gida suka tsaya.

Mijina ya ce, "Me kika ce?"

"Na ce babu na bayarwa. Baba, ka gafarce ni, kai ubana ne. Wannan na ƙirji ne, an auna shi daidai mai shi. In gwiwa ce, gobe in sa a raka ka wurin likitan."

Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya ce, "A'a, bar ta, bar ta. Ashe gidan yanzu mata ke riƙe da shi." Wani ya yi ƙasa-ƙasa ya ce, "Har da ƙugun." Aka yi 'yar dariya. Na san abin da dariyar nan ta yi wa mijina, don na san shi. Ya dafa bango ya miƙe, ya ɗaga labule.

"Maganin nan nawa ne ko naki?"

"Naka ne. Shi ya sa kai za ka sha."

"To, ko ki ba Baba yanzu, ko ki tattara ki tafi gidanku."

Yaya ta ce, "Yawwa. Abin da ya kamata tun tuni."

Na miƙe tsaye. Ban yi kuka ba, ban yi ihu ba, amma na yi magana yadda na waje za su ji. Na ce, "Na ji, zan tafi. Amma ba yau ba. Ranar da ka haɗiye na ƙarshe, a ranar zan ɗaure kayana. Kafin nan, ko alƙali ka kira sai dai ya kwance zanen nan da hannunsa. An zage ni a gaban Sabon Gari a kan abin da ban yi ba, kana ji ka juya wa bango fuska. Ba za a kuma kai ni can in tsaya a kan gawarka ana nuna ni ba."

Baba ya tashi yana jan carbi, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar ta yi na kawo moɗa da kafso na tsaya a gabansa. Ya dube ni, na dube shi. Ya buɗe baki.

Haka muka ƙarasa, ba ya yi mini magana, ba na yi masa, sai "tashi" da "buɗe." Ranar da na juye kwalba na ƙarshen ya faɗo tafin hannuna, na ba shi, na tsaya ya shanye ruwan moɗa tas. Na ajiye masa fankon kwalbar a gefen matashi. Na ninke zannuwana a cikin adudu, na ɗora a ka, na ratsa tsakar gida da rana tsaka kowa yana kallo. Mijina ya ɗauka wasa nake yi. Yaya ta ce a ƙyale ni, yunwa za ta dawo da ni. Na tafi gidan kawuna, can gindin Dala, wanda shi ya aurar da ni.

Mijina ya aiko abokinsa, na ce ban san shi ba. Ya aiko Iya, muka rungume juna muka yi kuka muka shirya, amma na ce ta koma ita kaɗai. Wanda ya kore ni da bakinsa shi zai zo da ƙafarsa.

Ya kuwa zo. Daga Fagge har gindin Dala, a ƙasa, ba keke, ba mai riƙe shi. Ina ɗakin matar kawu, jikin zaure, na kafa kunne a bango. Ba haƙurin da zai bayar nake jira ba, na san ba zai bayar ba, kuma bai bayar ba, har ya koma ga Allah da furfura bai taɓa cewa ke ce da gaskiya ba. In ana labarin ciwon nan sai ya ce addu'a ce da jiƙon Yaya. Ƙirjinsa nake saurare. Suka yi doguwar gaisuwa da kawu, ya kawo zancen tsadar yadi, ya kawo zancen damina, kawu ya faɗi wani abu, mijina ya ƙyalƙyale da dariya, irin dariyar da take fitowa daga ƙasan ciki. Na jira tarin da ke biyo bayan dariya. Bai zo ba.

Matar kawu ta shigo ta ce, "To, ga mijinki. Ya ce ki yi wa Allah ki dawo, tuwon yayarsa ya kusa mai da shi asibiti. Ɗauko mayafinki."

Na ce, "Inna, ki ce masa ban shirya ba, ya dawo gobe."

"Ke 'yar nan, mutumin da ya tashi daga ciwo? Wannan tafiyar?"

"Ita nake so in gani. In ƙafar da ƙirjin sun iya sawu na biyu, na bi shi."

Washegari da hantsi na ji sallamarsa a zaure, da ƙarfinta, ko haki babu. Sannan na tashi na ɗauko aduduna.